Tabar Wiwi: Daga Gonakin Cikin Kurmi Zuwa Shingayen Hanyar Libreville

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kye-Ossi a ƙasar Kamaru, ta ratsa Bitam da Oyem har ta dire a Libreville, ya san cewa tafiya ce ta cikin kurmi, inda bishiyoyi ke haɗe kai a sama har rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗan tsilli-tsilli. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gabon daji ne irin wannan. Mu da muka tashi a Kano ko Maraɗi, inda rana ke dukan mutum tun hantsi, abin kan ba mu mamaki a zuwan farko.

Mai karatu zai yi zaton babu wurin ɓoye haramtacciyar gona da ya kai wannan kurmi. To amma ba haka abin yake ba. Wiwi tsiro ne mai son rana ƙwarai, kamar dai gero da dawa, ba irin koko ba ne da ke jure inuwa. Ga shi kuma Libreville tana dab da layin da ya raba duniya biyu, inda dare da rana ke kusan daidai, awa 12 kowanne duk shekara, sannan daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da suke kira rani, gajimare ne ke rufe sama kusan kullum duk da ba a ruwa. Saboda haka mai noman wiwi a irin wannan ƙasa ba shi da zaɓi sai ya sare daji ya buɗe fili, kuma wannan filin da ya buɗe shi ne ke tona masa asiri, domin tabo ne a tsakiyar kore da maharbi ko ma'aikacin gandun daji ko jirgin sama ba zai kasa gani ba. A Gabon ma akwai ƙarin ido, tun da marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandun daji 13 a shekarar 2002.

A Nijeriya mun ga inda wannan ya kai. Manyan gonakin wiwi ba a Arewa suke ba, suna jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun, galibi a cikin gandun dajin gwamnati, inda ake kayar da itatuwan da suka shekara aru-aru a cinna musu wuta don kawai rana ta samu shiga. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sha shiga irin waɗannan dazuzzuka tana ƙone gonaki. Tun kafin ita ma, dokar soja ta 1966 ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noman wiwi, kafin a sassauta ta a 1975. Duk da haka, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan ta a Nijeriya.

Abin da ya fi shafar mu 'yan kasuwa shi ne wannan: gonar ba ta tafiya, amma kayan dole su yi tafiya, kuma hanyar da suke bi ita ce tamu. Mai gona yana can cikin daji, mai kuɗin yana birni ba wanda ya san fuskarsa, wanda ake samu da buhu a hannu a gaban jandarma shi ne direba ko yaron mota ko fatake. Jaridun Gabon sun sha kawo labarin kame a kan hanyar arewa, wajejen Bitam, na kayan da suka tsallako daga Kamaru, kuma ƙasar tana da ofishi na musamman da ake kira OCLAD mai wannan aiki.

A nan ne al'adarmu ta karɓar saƙo ke zama tarko. Bahaushe ba ya iya cewa a'a idan aka ce masa, "Alhaji, don Allah ga ɗan ƙunshi ka miƙa wa ɗan'uwana a kasuwar Mont-Bouët." Kunya ce ke hana shi cewa a kwance ya gani. Masu safarar kuwa sun san kayanmu sarai, sun san busasshen kifi da daddawa da albasa suna da warin da ke danne wani wari. Idan aka zo shinge aka farke buhu, jami'in ba zai tambayi wanda ya ba da saƙo ba, sunan da ke kan takardar kaya zai duba. Ga Faransanci da yawancinmu ba mu iya ba balle mu kare kanmu, ga takardar zama da ake iya rasawa, ga jarin shekaru da zai tafi wajen lauya.

Wasu matasa kan ce ai duniya ta canza, an halatta. Gaskiya ne Lesotho ta fara ba da lasisin nomanta don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yarda babba ya sha a cikin gidansa a 2018, Maroko ta yi dokar nomanta don magani da masana'antu a 2021. Amma babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ke kan hanyarmu. A Gabon da Kamaru da Nijeriya da Nijar har gobe laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Tsofaffin fatake da suka daɗe a wannan hanya suna da ƙa'idarsu: ba sa ɗora saƙon da ba a kwance a gabansu ba, ko na wane ne, kuma sukan tsaya da kansu a ɗaure kaya a tasha. A ganinmu ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa a Libreville da Bitam da Kye-Ossi su mayar da wannan doka ta kowa, a riƙa rubuta sunan mai saƙo da na mai karɓa a littafin tasha, ta yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai samu abin fakewa idan babba ya miƙo masa ƙunshi a ɗaure.