Tsoffin lasifikoki a ƙasar Arewa: kafin a jefar, a duba gefen takarda

A Kiyeshe, kamar sauran garuruwan Dallol Mawri tun daga Dogon Dutsi har Tibiri, ba abin mamaki ba ne ka shiga gidan tsohon ɗan kasuwa ko tsohon malamin lakwal ka tarar da akwatunan katako biyu a lungun ɗaki, an ɗora musu tabarmi da kwanuka. Waɗannan su ne lasifikoki, ko bafal kamar yadda masu gyaran radiyo suke faɗi, kuma in ka duba goshinsu za ka ga sunaye irin su Sony, Pioneer, Sansui ko Technics. In ka tambayi mai gida, amsar ɗaya ce: ai sun mutu, sai karkarwa suke yi.

Da yawansu ta Najeriya suka shigo. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika kasuwannin Legas da Kano da Sakkwato da kayan Japan, fatake da ƴan ci-rani sun riƙa dawowa gida da radiyo mai kaset, wanda ya fi ƙarfi kuma ya haɗo da ampili da lasifika biyu. Da su aka saurari Shata da Ɗan Anace da wa'azi da labarun Muryar Sahel. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin kayan waje ya hau, sai masu gyara suka samu kasuwa. Daga baya wayar salula da ƙananan akwatunan Sin masu Bluetooth suka zo, aka tura na dā lungu.

To, gaskiyar magana ita ce mafi yawan waɗannan akwatuna ba su mutu ba. Abin da ke da tsada a cikinsu, wato maganaɗisu da ƙarfen da ke riƙe da shi, ba ya tsufa da sauri. Abin da ke lalacewa ɗan ƙaramin abu ne wanda mai haƙuri zai iya sauyawa a tsakar gidansa.

Ƙirar lasifika ba ta sake sosai ba tun 1925, shekarar da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana ta. Akwai takarda mai siffar malafa. A gindinta an manna naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, wanda masu gyara ke kira bobin. Bobin ɗin yana rataye cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu. In wutar ampili ta ratsa shi, sai ya yi gaba ya yi baya, takarda ta kaɗa iska, kunne ya ji sauti. Domin takardar ta motsa ba tare da ta karkace ba, an kewaye bakinta da zobe mai laushi. Nan ciwon yake. A lasifikoki da yawa na shekarun 1970 da 1980 da soso aka yi zoben, shi kuwa soso yana ruɓewa da shekaru ko da ba a taɓa kunna shi ba, balle a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, damina kuma ta biyo da laima. Ka taɓa shi da yatsa, sai ya marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Da zarar ya tafi, bobin ya rasa mai tsare shi, ya shiga gogar bangon rami: karkarwar ke nan.

Kafin a taɓa komai, sai a gwada. A ciro lasifikar daga akwati, a ɗauki pil ɗaya mai bolt 1,5, a taɓa bakin wayoyinta biyu na ɗan lokaci. In takarda ta zabura ta yi ƴar ƙara, bobin yana da rai. Mai na'urar awo zai ga lasifikar da aka rubuta mata om 8 tana nuna wajen 6, kuma wannan daidai ne. Sannan a danna takardar a hankali da yatsu kewaye da tsakiya, a kasa kunne ko tana guga.

In bobin lafiya yake, aikin na zobe ne kawai. A kankare ruɓaɓɓen soso da tsohon gam daga ƙarfe da bakin takarda, da reza da lallashi, domin takardar da ta shekara 40 ba ta son gaggawa. A yanke ƴar hular da ke tsakiya, a soka ƴan siraran yanki na takarda mai ƙarfi guda uku ko huɗu tsakanin bobin da ƙarfen tsakiya, domin su tsayar da shi daidai. A manna sabon zobe, da farko jikin takarda, sannan jikin ƙarfe, a bar shi ya kwana, a zare ƴan yankin, a mayar da hula. Sabon zobe ana neman sa ne da awon faɗin lasifikar wajen masu sayar da kayan radiyo na manyan birane. Inda bai samu ba, ƙyalle mai laushi da aka yi wa lanƙwasa aka shafe da gam mara tauri yana aiki, ko da yake muryar za ta ɗan sake.

Abubuwa biyu ne ya kamata a guje wa, kuma su ne aka fi yi. Na farko gam mai kamawa nan take: yana bushewa kamar dutse, ya tsage takarda. Na biyu robar tsohuwar tayar keke: ta yi nauyi, tana danne murya, lasifikar da ke da amon ganga ta koma ta gwangwani. Wanda ya yi haka ya ce ya gyara, gyaran gangar auzinawa ya yi.

Ciwo na biyu namu ne na gida. Ƙurar hunturu, musamman a ƙasa mai jan dutse irin ta Dogon Dutsi, tana ɗauke da ɓurɓushin da maganaɗisu ke jawowa, kuma in hular tsakiya ta huje, can cikin ramin bobin yake taruwa. Busawa da baki ba ta fitar da shi. Ana lanƙwasa salatif, gefen gam a waje, a zagaya ramin da shi har ya fito fes. Sauran kuwa ƙanana ne: in siririyar murya ta dushe, sau da yawa kwandansater ɗin da ke raba sauti ne ya bushe, sai a sa wani mai lamba ɗaya, akwatin da gara ta ci, kafinta zai sāke shi, muddin ya kiyaye girman cikinsa ya kuma toshe kowace kafa.

Bobin da ya ƙone shi ne ke buƙatar gwani, kuma yawanci hannun mutum ne ya ƙona shi. Duk wanda ya halarci biki ko taron siyasa ya san mai kula da ampili ba ya hutawa sai ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Ampilin da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa gurɓataccen sauti yake fitarwa, wanda ke dafa siririyar waya, ƙaramar lasifika kuma ita ke fara tafiya.

Ɗan kasuwa zai ce: me ya sa wahala, ga sabo a kanti? Lissafin yana nan. Sabon akwatin roba ya haɗa batir da ampili da lasifika wuri ɗaya, ranar da batirin ya gaji sau da yawa duka ake yarwa. Tsohon kuwa ba ya shan wuta da kansa. Wanda ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar kuran a watan Agusta na 2023 ya san amfanin haka: batirin sola mai bolt 12 da tsohuwar radiyon mota sun isa su tayar da akwati biyu a zaure ko a aji. Sai dai a kula wajen haɗa wayoyi, ja ga ja, baƙi ga baƙi a dukkan biyun. In aka juya ɗaya, wata takarda tana turawa wata tana ja, sai amon ganga ya ɓace, mai gida ya ɗauka gyaran ne bai yi ba.