DAMINA TA ƘARATO: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Damina ba ta sauka ko'ina a Najeriya lokaci guda. Iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ita ce ke kawo hadari, tana tura busasshiyar iskar Sahara baya sannu a hankali. Saboda haka ruwa yakan fara a Legas da Fatakwal wajen watan Maris, ya iso Abuja da Jos cikin Afrilu, sa'an nan ya kai Kano, Sakkwato da Maiduguri tsakanin Mayu da Yuni. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa takan ba da hasashen saukar ruwa. Ana roƙon jama'a su riƙa sauraronsa a rediyo.

GA MANOMA
Ruwan farko yakan yi yaudara. Sau da yawa yakan ɗauke har kwanaki da dama, shuka ta ƙone, iri ya salwanta. Manomi ya haƙura sai ruwa ya zauna, laima ta shiga ƙasa sosai. Kafin nan a gama sharar gona, a kai taki, a nemi shawarar malamin gona game da irin da ya dace da yankin.

GA MAGIDANTA
Ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi. A duba kwano a ƙara ƙusa, a yi wa soro yaɓe, a gyara indararo. A kwashe shara daga magudanun ruwa, gama lambatu in ya toshe, cikin gidaje ruwa zai bi. A guji gini a kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta auka wa garin Mokwa na Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, wadda ta halaka mutane fiye da 150, ta zo ne tun damina ba ta yi nisa ba. In ana tsawa, kada a fake a gindin itace, kada kuma a taɓa wayar lantarki da ta faɗi.

GA IYAYE MATA
Sauro a cikin ruwa mai kwanciya yake ƙwai, kuma cikin kwana 10 ko makamancin haka ya zama babba. A cike ramuka, a kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a rufe randa. Yara da masu juna biyu su kwana cikin gidan sauro mai magani. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa tun ranar.

Haka kuma ruwan sama yakan kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyoyi, daga nan cutar amai da gudawa take yaɗuwa. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Wanda gudawa ta kama a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A ci gaba da ba shi har a isa asibiti.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.