Karatu ta intanet: mi ke nan, ina ɗalibanmu suka tsaya?

Masu saurare, kun tuna a watan Maris na 2020 korona ta sa gwamnati ta rufe lakwal da jami'o'i, har da Abdou Moumouni ta Yamai. A Faransa da Amurka karatu bai tsaya ba: malami na koyarwa ta Zoom, ɗalibi na gida, jarrabawa kuma a kwamfuta, lokaci na cika shafin ya rufe. To ɗanmu da ya dawo Abala ko Filinge fa? Sai da babbar waya, da rezo, da wurin caji, da kuɗin intanet. In ɗaya babu, darasi ya wuce shi. Ƴan uwanmu na waje, in kun tashi aiko kuɗin hatsi, ku sa na intanet ɗin ɗalibi a lissafi.