Hutun Disamba a Yamai: lissafin da iyalai ke mantawa da shi kafin shiga kar

Da zarar an rufe lakkol a ƙarshen watan Disamba, tashoshin kar na Damagaram, Maraɗi da Tawa kan cika da iyaye da yara masu niyyar zuwa Yamai. Lokacin ya dace: zafi ya sauka, an gama girbi, sau da yawa kuma wani ɗa da ke aiki a Aljeriya, Kwaddibuwa ko Faransa ne ya aiko kuɗin mota. Sai dai kuɗin tikiti shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin.

Hanyar tana da nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi kuwa sama da 650, ta Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Motoci da dama tun kafin asuba suke tashi, daidai lokacin da hunturu ya fi kaɗawa, yaron da aka fito da shi ba rigar sanyi ba hula kuwa da mura da tari zai isa. A shingayen jami'an tsaro ana tambayar katin ɗan ƙasa, shi ya sa ya kamata takardun haihuwar yara su zauna a jakar hannu, kada a cusa su cikin akwatin da aka loda a ƙasan mota.

Babban nauyi yana kan mai masauki. Ƙane ko ƙanwar da ke haya a ɗaki biyu a Talaje ko Lazare ba zai buɗe baki ya ce wa yayansa kada ya zo ba, kunya ba za ta bari ba. Amma mutum shida na tsawon mako guda ƙarin shinkafa ne, da gas, da ruwa, da kuɗin taksi, a ƙarshen wata da albashi ya riga ya ƙare. Waya ɗaya mako biyu kafin tafiya, a faɗi yawan masu zuwa da ranar komawa, tana rage wannan. Buhun hatsi ko galan na man gyaɗa ma ya fi tsarabar alawa amfani. Masu turo kuɗi daga waje su ma da sun ware wani abu kai tsaye ga mai masaukin, da ya fi.

Abin kallo bai da tsada sosai. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, da kututturen itacen Tenere da mota ta kaɗe a 1973. Da yamma ana iya kai yara bakin kogin Isa su ga gadar Kennedy. Zuwa kallon raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga birnin, yana buƙatar a fara tambayar halin tsaro, tun bayan harin Agustan 2020.

Tikitin komawa kuwa gara a saye shi tun ranar isowa, domin a farkon Janairu kowa na gaggawar mayar da yara lakkol.