Jinya Bayan Dasa Na'urar Bugun Zuciya: Ciwon Da Ake Daurewa Da Wanda Ake Kai Wa Likita

A gidajenmu da dama, ranar da aka sallamo dattijo daga asibiti bayan an dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya rana ce ta hamdala. Mutumin da jiri ke kayarwa a tsakar gida, wanda numfashi ke gagara idan ya taka zuwa masallacin unguwa, ga shi ya dawo da ƙafarsa. Amma idan dare ya raba, 'yan barka suka watse, allurar kashe zafin da aka yi masa ta sake shi, sai wata jarrabawar ta kunno kai. Ƙirji na zogi, kafaɗa ta yi nauyi, kwanciya ta gagara, ga Asuba na matsowa bai san yadda zai ɗaga hannu ya yi kabbara ba. Da yawa daga iyayenmu shiru suke yi a irin wannan hali. Idan aka tambaye su jiki sai su ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", suna ganin faɗin ciwo raki ne, ko ma gazawa ce wajen karɓar hukuncin Allah.

Wannan shirun ne ya sa muka ga dacewar yin wannan rubutu. Ciwon da ke biyo bayan wannan aiki iri biyu ne. Akwai wanda haƙuri da kulawar gida ke isar masa, akwai kuma wanda jinkirin kai shi asibiti ke iya jawo hasarar rai. Wajibi ne majinyaci da masu jinyarsa su iya bambance su.

Abin da aka yi wa jiki

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, bisa umarnin wata 'yar wutar lantarki da Allah Ya halitta a cikinta. Idan hanyar wannan wuta ta samu tangarɗa, bugun ya kan yi jinkiri ko ya riƙa tsallake, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. A nan ne likitoci ke dasa na'urar da suke kira fesmeka, wadda faɗinta bai wuce na ƙaramin agogon hannu ba.

Ana tsaga fata kimanin santimita 5 a ƙasan ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, galibi a ɓangaren hagu. A yi wa na'urar ɗan aljihu a ƙarƙashin fata, sannan a zura siririyar waya ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, ta cikin jijiyar jini har zuwa cikin zuciya. Yawanci majinyaci idonsa biyu, wurin kawai ake kashewa, kuma akan sallame shi a ranar ko washegari.

Aikin ba sabo ba ne. An fara dasa irin wannan na'ura gaba ɗayanta cikin jikin mutum a shekarar 1958 a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, a hannun likita Ake Senning. Majinyacin, Arne Larsson, ya rayu har shekarar 2001, ya rasu yana da shekara 86, bayan an sauya masa na'urar fiye da sau ashirin. Na'ura sababi ce daga cikin sabubban da aka umarce mu da riƙo da su. Ajali kuwa yana hannun Mai shi.

Ciwon da ake sa rai da shi

Wurin da aka tsaga zai yi zogi da tsami, musamman a kwana biyu ko ukun farko. Fatar kewaye kan yi duhu saboda ɗan jinin da ya kwanta, ta ɗan tasa kaɗan, daga baya kuma ta yi ƙaiƙayi yayin da take haɗewa. Majinyaci zai riƙa jin wani baƙon abu a ƙirjinsa, siriri ma har ya ga shacinsa. Duk wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar kullum raguwa yake yi.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne farasitamol. A sha shi a kan lokacin da likita ya tsara, kada a jira sai ciwo ya kai maƙura, domin kashe wuta tun tana ƙarama ya fi sauƙi. Baligi ba ya wuce giram 4 a yini da kwana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki kuwa ƙasa da haka likita zai ƙayyade masa. A lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, haɗa su kan sa a zarce ƙa'ida ba a sani ba.

Abin da muka fi jan kunne a kai shi ne aiken yaro kemis ya sayo "maganin ciwon jiki". Ibuprofen, diclofenac da danginsu suna ƙara haɗarin zubar jini a cikin aljihun na'urar, suna kuma takura ƙoda da ciki, balle ga mai ciwon zuciya. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, kada ya daina kuma kada ya ƙara sai da izininsa.

Akwai al'adun jinya da muka gada waɗanda ba su da gurbi a nan. Ba a gasa wurin da ruwan zafi, ba a shafa masa man zafi ko wani garin magani, ba a yin ƙaho ko tsaga a kusa da shi, ba a kuma matsa kumburi don a fitar da "mataccen jini". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar cutar da ta kutsa ta bakin ɗinki tana iya bin waya har cikin zuciya, kuma sau da yawa ba ta jin magani sai an cire na'urar ɗungurungum. Haka nan majinyaci ya kame hannunsa daga wasa da na'urar ko jujjuya ta a ƙarƙashin fata, domin hakan na iya janye wayar daga mazauninta.

Wajen kwanciya, rigingine ko ɓarin da ba a yi aikin ba ya fi sauƙi, tare da tokare hannu da matashi. Wanda aka yi wa a hagu ya dace da sunnar kwanciya a ɓarin dama. Tufafi su zama masu yalwa, masu maɓalli a gaba idan da hali, kuma a fara zura hannun da ke ciwo. A mota a sa ɗan ƙyalle mai taushi tsakanin ƙirji da bel.

Hannu: a kiyaye shi, kada a daskarar da shi

Wayar da aka zura tana buƙatar lokaci kafin naman zuciya ya riƙe ta. Saboda haka likitoci kan hana ɗaga gwiwar hannun ɓangaren sama da kafaɗa, da miƙa shi baya, da ɗaukar kaya masu nauyi, na tsawon mako 4 zuwa 6. A rayuwarmu ta yau da kullum wannan ya haɗa da daka, jan guga, ɗaukar jarka, ɗora tulu a ka, saɓa jika ko goya shi, riƙe fartanya da tayar da janareta da igiya. Iyaye mata ne suka fi karya wannan doka, domin ba sa iya zama suna kallon aiki. Haƙƙi ne a kan 'ya'ya da surukai su ɗauke musu tun kafin su miƙe.

Sai dai wasu tsoro kan sa su naɗe hannun a ƙirji su hana shi motsi sam. Ƙarshen wannan shi ne kafaɗa ta ƙage, ciwon da kan ɗauki watanni, ya fi na aikin kansa wahalarwa. A ci abinci da hannu, a ja carbi, a riƙa juya kafaɗa a hankali kullum, a kuma yi ɗan tattaki a tsakar gida.

Tsarki da salla

Ƙirji ba ya cikin gaɓoɓin alwala, don haka alwala ba ta da matsala. Wurin da ake jin ja shi ne shafar kai. Majinyaci ya sunkuyar da kansa, ko ya shafa da hannu ɗaya mai lafiya, ya wadatar. Wani ya riƙe masa buta.

Wankan wajibi ne ya fi damun mutane, domin likita zai hana ruwa taɓa ɗinkin na wasu kwanaki. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin shafa a kan ɗauri, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Mukhtasar na Shaihu Khalil. A wanke sauran jiki da kula, a shafi saman bandejin da danshin hannu sau ɗaya. Idan bandejin ba ya son danshi, a ɗora wani ƙyalle mai tsabta a kansa a shafa. Idan wankan kansa zai cutar, taimama ta halatta, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta yi rangwame ga marar lafiya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a halin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da rangwame ba. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya kuma zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wannan ya ishi duk mai tsananta wa majinyaci gargaɗi.

Ɗaga hannu a kabbarar harama ba farilla ba ne a mazhabobin nan huɗu. Majinyaci ya ɗaga gwargwadon iyawarsa, gwiwar hannu na ƙasa, ko ya bari, sallarsa ta inganta. Abin da ya fi takura ɗinki shi ne dogara da tafin hannu wajen zuwa sujada da tasowa. Idan hakan na jawo zafi, ya zauna ya yi nuni, ya sunkuya a sujada fiye da ruku'u. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW) game da salla, ya yi masa izinin yin ta a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kan ɓarin jiki idan zaman ma ya gagara. Bukhari ne ya ruwaito. Cunkoson Juma'a, inda kafaɗa ke gogar kafaɗa, ana iya jinkirta shi har ɗinki ya kame, domin rashin lafiya uzuri ne karɓaɓɓe.

Idan jinyar ta faɗo cikin Ramadan, ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar sha da ramuwa. Kada a sauya lokutan shan maganin zuciya don azumi sai an shawarci likita.

Alamomin da ba a kwana da su

A koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburin da ke girma ko ya yi tauri, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ɗinkin ya buɗe, zazzaɓi ko rawar sanyi, hannun ɓangaren ya kumbura, wanda kan nuna jini ya daskare a jijiya.

Waɗanda suka fi gaggawa su ne sarƙewar numfashi, suka a ƙirji idan an ja numfashi, dawowar jiri ko suma, da shaƙuwar da ta ƙi tsayawa ko tsokar ƙirji ko ciki ta riƙa harbawa daidai da bugun zuciya. Sarƙewar numfashi na iya zama iska ce ta taru a kewayen huhu, shaƙuwar kuwa na iya nuna wayar ta goce. Mu da muka saba danganta kowane zazzaɓi da sauro, mu kiyaye: zazzaɓin wanda aka dasa wa na'ura, ko da bayan watanni ne, likitan zuciya ya kamata ya sani.

Faɗin ciwo ba ya rushe haƙuri

Haƙurin da shari'a ta yaba shi ne kame zuciya daga fushi da ƙaddara, da kame harshe daga kalaman butulci. Sanar da likita ko iyali inda ke ciwo ba ya cikin abin da aka hana. Annabi Ayyuba (AS), wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 83 ta Suratul Anbiya. Ibnu Mas'ud ya shiga wurin Annabi (SAW) yana zazzaɓi mai tsanani, bai ɓoye masa tsananin ba, sannan ya yi masa bushara da cewa cuta na kankare zunuban mumini. Usmanu ɗan Abil As ma ya kai ƙarar ciwon jikinsa, aka koya masa ɗora hannu a wurin da addu'ar neman tsari, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Majinyacinmu ya yi wannan addu'a, hannunsa a saman riga ba tare da dannawa ba, kada kuma a yi tofi a kan ɗinki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu jinya su canza salon tambaya: maimakon "yaya jiki?", a ce "Baba, zafin yau ya fi na jiya ko ya ragu? Ka samu barci?" A duba wurin da ido kullum, bayan an wanke hannu. A kuma lura da damuwar zuci, domin wasu kan kwana suna sauraron ƙirjinsu cikin fargabar na'urar za ta tsaya. A kwantar musu da hankali cewa batirinta na ɗaukar shekaru masu yawa, kuma a kowace ganawa likita na auna abin da ya rage masa.

Masu dubiya su taƙaita zama, su bar runguma da girgiza hannu, su kuma riƙe magungunan da suka ji an ce suna aiki. Addu'a da ɗan abin hasafi sun fi amfani.

Bayan ɗinki ya warke, 'yan ƙa'idoji ne za su rage. Kada a sa wayar salula a aljihun ƙirji na kaftani a ɓangaren na'urar. A nisanta ta da kimanin santimita 15, a amsa kira da ɗaya kunnen. A guji maganaɗisu mai ƙarfi, da aikin walda, da jingina da janareta yana aiki. A riƙa yawo da katin shaidar na'urar, a nuna shi a kowane asibiti da kuma filin jirgi, musamman ga mai niyyar Umara ko Hajji. Kada kuma a tsallake ranar komawa asibiti don an ji sauƙi.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya mai ɗorewa, Ya sanya jinyarsu ta zama kaffara, Ya kuma saka wa masu ɗawainiya da su da mafificin alheri. Amin.