Katin memori ba rumbu ba ne: inda ya dace a ajiye hotuna da takardu

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, katin memori na cikin kayan da suka fi saurin fita. Ɗalibi zai taso daga Gyadi-Gyadi ya saya, ya zuba hotunan bikin yayarsa, da sakamakon WAEC, da muryar kakarsa da ya naɗa, ya jefa katin a durowa hankalinsa kwance. Matsalar ita ce, ba don ajiyar shekaru aka ƙera katin ba.

Memori da filash da SSD duk hanya ɗaya suke bi: suna riƙe bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin wasu ƙananan gurabe. Cajin nan yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a jona na'urar ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. A Kano, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, katin da aka manta a mota ko a ɗaki mai rufin kwano ba abin dogaro ba ne. Ba ya kuma yin sallama kafin ya tafi. Wata rana kawai waya za ta nemi a goge shi a sake tsara shi.

Sai kuma jabu, wanda ya fi ban takaici. Masu haɗa shi sukan ɗauki kati mai 8GB su sauya masa lissafi ya riƙa nuna 128GB. Waya za ta yarda, ta ci gaba da karɓar kaya, amma da zarar an wuce ainihin girmansa, abin da aka zuba sai ya lalace ko ya hau kan na baya. Sunayen hotuna suna nan, a buɗe su ne babu. Sunan SanDisk ko Samsung a jikin kwali ba hujja ba ce, domin shi ma ana buga shi. Farashin da ya yi araha fiye da kima shi ne alama ta farko. Gwajin gaskiya shi ne manhajar H2testw a kwamfuta, wadda ke cika katin taf sannan ta karanta abin da ta rubuta. Wanda ba shi da kwamfuta, ya cika katin da bidiyo ya bubbuɗe su tun bai zuba abin da yake ji da shi ba.

Don ajiya mai tsawo, had-disk na waje ya fi dacewa. Shi da maganaɗisu yake rubutu a kan faifai, ba ya dogara da cajin da ke zurarewa, kuma ya fi araha idan aka yi lissafin kowace GB. Rauninsa faɗuwa ce: in ya suɓuce daga tebur yana cikin aiki, zai iya tafiya da komai. Faifan DVD da ake naɗa a shago kuwa, rana da ƙarzuwa suna cin sa, ga shi sababbin kwamfutoci ma ba su da wurin saka shi.

Ma'ajiyar intanet tana da nata sharaɗin. Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin. Tun Disamban 2023 kuma kamfanin na iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Wanda ya manta kalmar sirri, layin da ya yi rajista da shi kuma ya ɓata, zai sha wuya kafin ya koma ciki.

Shi ya sa masana ke maganar ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025 ta isa misali: kwafi biyu a shago ɗaya, wuta ɗaya ce za ta cinye su. Ga mai waya, hakan na nufin asali a waya, kwafi a had-disk a gida, takardu da zaɓaɓɓun hotuna kuma a intanet ko a gidan ɗan'uwa. Sau ɗaya a shekara, a ce bayan sallah, a jona faifan a buɗe ƴan hotuna a tabbatar suna nan, bayan shekara 5 kuma a kwashe komai zuwa sabo.