Jirgi Ya Fi Ƙarfin Tasha

Daga watan Yulin 2025, duk fasinjan da ya sauko daga jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya taka tsibirin Santorini ko Mikonos a lokacin da baƙi suka fi yawa, sai ya biya yuro 20. Gwamnatin Girka ce ta ɗora harajin, kamfanonin jiragen kuwa ba su ji daɗi ba. A ganina harajin ya makara, kuma ba zai kashe cutar ba, domin tushen matsalar girman jiragen ne. Wanda ya zauna yau yana duba taswira don ya zaɓi inda zai je hutu ta teku, da ya san cewa injiniyoyin da suka ƙera jirgin sun riga sun yi masa rabin zaɓin.

A watan Janairun 2024 kamfanin Royal Caribbean ya fito da jirgin Icon of the Seas daga Miyami. Tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da dubu biyu, girmansa kuma ya ninka na Titanic fiye da sau biyar. Ba duk jiragen Bahar Rum ne suka kai shi ba, amma masu ɗaukar mutum dubu huɗu ko biyar sun zama ruwan dare. To, a kai irinsu uku Santorini, tsibirin da mazaunansa ba su wuce 15,500 ba. Babu tashar da babban jirgi zai jingina, sai ya tsaya can tsakiyar ruwa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage zuwa gindin dutse. Daga nan ko mutum ya bi layin motar igiya, ko ya hau jaki, ko ya taka matakala kusan 600 da ƙafarsa cikin rana. Sa'o'in da ya saya don kallon gari, wani kaso mai tsoka a layi yake ƙarewa.

Me ya sa ake ta ƙara girman? Lissafi ne kawai. Matuƙi ɗaya ne ko mutum dubu biyu aka ɗauka ko dubu shida, kuɗin mai da ake kashewa kan kowane fasinja kuma raguwa yake yi. Sannan manyan kamfanonin suna samun kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu ne bayan mutum ya hau: abin sha, caca, gidajen abinci na musamman, intanet, da yawon da suke shiryawa a tudu. Saboda haka ana iya karya farashin tikiti a cika ɗakuna, a fanshe a ciki. Fasinjan da ya ci ya ƙoshi a jirgi, ya kwana a jirgi, abin da yake bar wa gari bai taka kara ya karya ba, cunkoson kuwa na gari ne.

Garuruwan sun gaji. Bayan jirgin MSC Opera ya afka wa gaɓa da wani ƙaramin jirgi a mashigin Judeka na birnin Benis a watan Yunin 2019, da kuma matsin lambar UNESCO, Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa tsakiyar Benis daga 1 ga Agusta 2021. Yanzu mutum zai ga sunan Benis a talla, amma a sauke shi a tashar masana'antu ta Margera, ko ma a Rabenna ya yi sama da awa biyu a bas. Amstadam ta yanke shawarar rage jiragen teku zuwa 100 a shekara daga 2026. Basalona za ta rage tashoshinta daga bakwai zuwa biyar.

Martanin kamfanonin shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Maimakon su rage girma, sai suka gina nasu wuraren sauka. Royal Caribbean ya kashe dala miliyan 250 ya gyara tsibirin CocoCay a Bahamas, MSC na da Ocean Cay, Carnival kuma ya buɗe Celebration Key a 2025. A can babu majalisar gari da za ta kafa doka, babu mazauna masu zanga-zanga, kuma kusan duk kwabon da fasinja ya kashe aljihun kamfani yake komawa. Sunan ƙasa yana nan a tikiti, amma mutum zai je ya dawo bai shiga kasuwar ƙasar ba.

Masu kare harkar suna da abin faɗi, ba a ƙi ba. A Juno ta Alaska, mazauna gari da kansu suka ƙi amincewa da hana jirage zuwa ranar Asabar a ƙuri'ar Oktoban 2024, saboda da yawansu da baƙin suke ci. Gaskiya ne kuma yawancin baƙin Benis ta ƙasa da sama suke zuwa, kuma hare-haren 'yan Husi a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 su ma sun sauya hanyoyi, suka tilasta wa jirage kewaya Afirka. Amma yaƙi na iya ƙarewa, jirgin da aka ƙera kuwa zai yi shekara talatin yana aiki. Juno ɗin ma ta ƙayyade manyan jirage biyar a rana.

Ƙananan jirage har gobe suna shiga tsakiyar Benis, sai dai tikitinsu ya ninka na manyan sau da yawa. Mai hali zai sauka a bakin tsohon gari, mai neman rangwame kuma tsibirin kamfani za a kai shi.